Gwajin numfashi ya ce babu, gwajin jini ya ce akwai: wanne zan kama?

Malamin Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Jama'a ina neman wanda ya san kan wannan abu ya fitar da ni daga duhu, don takardu biyu ne a gabana yanzu, kowace tana ƙaryata 'yar'uwarta.

Shekarata 41, kuma na kusa shekara uku ina fama da ciki. Zafi ne a ƙasan ƙirji, daidai inda haƙarƙari suka rabu, ya fi tashi da dare wajen ƙarfe biyu ko uku, sai in farka in zauna a bakin gado ina dafe da wurin. Ga gyatsa, ga kumburi. Wani lokacin ina tsaye a gaban allo sai ya murɗa, in yi kamar ina duba littafi har ya lafa, don kada yara su gane.

Da na gaji da sayen magani da ka, na je wurin likita. Ya sa aka ɗebi jinina, sakamako ya fito wai ina da ƙwayar cutar nan H. pylori mai kawo gyambon ciki. Ya rubuta mini magani na kwana 14: omeprazole, amoxicillin da clarithromycin, safe da yamma. Na shanye tas, ban tsallake ko sau ɗaya ba, duk da ɗacin da wancan na ƙarshen yake bari a baki kamar na kwana ina tsotsar ƙusa. Ya kuma ce bayan na gama in ci gaba da omeprazole guda ɗaya kullum har kwana 30.

Kwana 18 da gama kwas ɗin, ganin zafin ya ragu amma bai tafi ba, na kai kaina gwajin numfashi, don an ce shi ne yake nuna ko ƙwayar ta mutu. Da safe na je ban ci komai ba. Yarinyar da ke wurin ta tambaye ni ko na karya, na ce a'a, tambayar da ta yi mini ke nan. Ta ba ni wata 'yar jaka na hura, ta ba ni wani ruwa mai tsami a kofi na shanye, na zauna minti 30 ina kallon agogon bango, sannan na hura jaka ta biyu. Takarda ta fito da DOB 2.1, a gefe an rubuta cewa ƙasa da 4.0 yana nufin babu ƙwayar.

Na yi murna ta kwana biyu. Dare na uku zafin ya tashe ni kamar da. Jiya, kwana tara bayan wancan gwajin, na shiga wani ɗakin gwaji daban aka sake ɗibar jinina. Sakamako: akwai.

To wanne ne gaskiya? Wani abokina ya ce in koma kemis in sake sayo maganin nan uku in maimaita. Shin gwajin numfashin nan abin dogaro ne kuwa, ko iska kawai na hura?

Ɗan Autan Gida ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba ka lafiya. Ni dai a nawa ɗan sanin jini ba ya ƙarya. Ta yaya iskar baki za ta faɗi abin da ke cikin tumbi? Tunda jini ya nuna sau biyu kuma ciwon yana nan, ai magana ta ƙare. Na goyi bayan abokinka, ka maimaita maganin.

Anti Mai Farar Riga ta rubuta:

Malam, don Allah kada ka sayi maganin nan tukuna. Ɗan Auta, yi haƙuri ƙanena, a nan kam ba ka faɗi daidai ba. Shekarata 16 ina aiki a ɗakin gwaji, kuma irin takardun nan biyu masu faɗa da juna na gan su ba adadi. A taƙaice, Malam, a cikin takardunka biyu babu wadda ta amsa tambayarka. Ta jinin ba za ta taɓa iya amsawa ba. Ta numfashin za ta iya, amma an yi ta a lokacin da bai dace ba.

Bari in fara da jinin, don shi ya fi sauƙi. Gwajin jini ba ƙwayar yake gani ba. Abin da yake gani shi ne sojojin da garkuwar jikinka ta ƙera don yaƙarta, kuma waɗannan sojoji ba sa watsewa ranar da yaƙi ya ƙare. Suna zama a jini watanni, a wasu mutanen ma shekaru, bayan ƙwayar ta mutu murus. Sawun ɓarawo ne a tsakar gida: ya tabbatar an shigo, amma bai ce mutumin yana cikin ɗaki har yanzu ba. Shi ya sa ba a amfani da jini wajen duba ko magani ya yi aiki. Da za ka sake shi bayan wata shida, da wuya bai sake cewa akwai ba. Na san wata baiwar Allah da ta sha kwas huɗu a shekara ɗaya saboda wannan, duk lokacin da ta gama sai ta koma a ɗebi jini, a ce akwai, ta sake sha. Da aka yi mata na numfashi yadda ya kamata, babu komai. Wannan takardar ka ajiye ta gefe.

Shi kuwa na numfashin, tambayar Ɗan Auta tana da kyau: ta yaya iska za ta ba da labarin tumbi? Tumbin mutum cike yake da asid mai ƙarfin da yawancin ƙwayoyin cuta ba sa iya zama a ciki. Dabarar H. pylori ita ce tana da wani sinadari mai suna yuriyes, wanda yake farfasa yuriya (sinadarin da jiki yake fitarwa a fitsari) gida biyu, amoniya da iskar kabon dayoksaid. Amoniyar ce take kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita, ta samu ta rayu. Jikin ɗan Adam shi kansa ba ya yin yuriyes. To a cikin ruwan da aka ba ka akwai yuriya, galibi miligiram 75 ga babba, wadda aka yi wa alama: kabon ɗin da ke cikinta mai lamba 13 ne, wanda ya ɗan fi na yau da kullum mai lamba 12 nauyi. Idan ƙwayar tana nan da rai, za ta farfasa yuriyar, iskar mai alama ta shiga jini, jini ya kai ta huhu, ka huro ta waje. Idan babu ƙwayar, yuriyar ta wuce abinta, daga baya ta fita ta fitsari. Jakar farko da ka hura ma'auni ce, don dama kowa yana da ɗan kabon 13 a numfashinsa, kusan kashi 1 cikin 100 na duk kabon da ke duniya irinsa ne. Lambar DOB ɗin nan bambancin da ke tsakanin jaka ta biyu da ta farko ce. Tsamin da ka ji kuma da gangan aka sa shi: yana hana ruwan saurin barin tumbi, yana kuma zuga ƙwayar ta yi aiki.

Ka ga ke nan gwajin aikin ƙwayar yake aunawa, ba gawarta ko sawunta ba. Nan ne ƙarfinsa, nan ne kuma rauninsa. Duk abin da zai sa ƙwayar ta yi laushi ta lafe ba tare da ta mutu ba, zai sa gwajin ya ce babu alhali akwai. Abubuwa uku ne suka shahara da wannan. Antibayotik kowane iri, ko da na ciwon haƙori ne ko na mafitsara: sai an yi sati huɗu da shan na ƙarshe. Magungunan ciki da ke da sinadarin bismuth: su ma sati huɗu. Sai dangin omeprazole, wato lansoprazole, pantoprazole, esomeprazole, rabeprazole: sati biyu cur. Mutane suna ɗauka omeprazole rage asid kawai yake yi, amma yana danne ƙwayar ita ma, yawanta ya ragu sosai, kana dainawa ta farfaɗo.

Yanzu duba naka. Kwana 18 bayan antibayotik, ba 28 ba. Kuma kana kan omeprazole, ina kyautata zaton har daren da za ka je ka sha. Ƙa'ida biyu aka karya a gwaji ɗaya. Ba laifinka ba ne, wadda ta karɓe ka ya kamata ta tambaye ka magungunan da kake sha kafin ta buɗe jakar. Ni idan mutum ya zo, kafin komai sai na ce ya zazzage mini ledar maganinsa a kan tebur in gani da idona, don in ka tambaya da baki sai a ce "ba na shan komai sai ɗan na olsa", kuma ɗan na olsar nan shi ne matsalar.

Da sakamakon naka cewa ya yi akwai, duk da omeprazole ɗin, da na ce ka yarda da shi. Amma "babu" da aka samu a wannan hali ba ta da nauyi. Mai yiwuwa ƙwayar ta mutu da gaske, mai yiwuwa ta lafe ne. Sai an sake.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Anti, Allah ya saka da alheri. Kin canka daidai, ƙarfe tara na daren na sha shi, har ina ganin na kyauta don kada ciki ya dame ni a wurin gwaji.

Tambaya biyu. Ta farko irin ta masu lissafi ce: idan an bi duk ƙa'idojin nan, a cikin mutum 100 masu ƙwayar, nawa gwajin yake kamawa? Ta biyu ita ta fi damuna. Sati biyu babu omeprazole? Na taɓa mantawa da shi kwana biyu, ƙwannafin da ya taso mini sai da na kwana a zaune.

Anti Mai Farar Riga ta rubuta:

Malam ka samu abin da kake so. A 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitanci ta tace, ta haɗa bincike 101 da aka yi a kan mutum sama da 11,000 ta kwatanta gwaje-gwajen da ba sa buƙatar a zura wa mutum na'ura cikin tumbi. Da aka ɗora su a ma'auni ɗaya, na numfashi mai kabon 13 ya kama kusan 94 cikin 100 na masu ƙwayar, mai kabon 14 ya kama 92, na jini 84, na bayan gida 83. Wato na numfashin ne a gaba, amma ko shi mutum shida a cikin ɗari suna zame masa. Na bayan gidan kada lambar ta sa ka raina shi, ire-irensa na zamani suna da kyau ƙwarai, kuma shi ma ana duba warkewa da shi. Sai dai ƙa'idar sati biyu da sati huɗun nan ta hau kansa shi ma, ba hanyar gudu ba ce.

Akwai kuma inda gwajin yake tuntuɓe ko an bi ƙa'ida. Wanda gyambonsa yake zubar da jini a lokacin, zai iya samun "babu" ta ƙarya. Wanda aka yanke wa wani sashe na tumbi, ruwan yana wucewa da sauri kafin ƙwayar ta taɓa shi. Ta ɗaya ɓangaren, akwai wasu ƙwayoyin cuta a baki, da kuma a tumbin da asid ɗinsa ya yi ƙaranci sosai, da su ma suke da yuriyes, sai su sa gwajin ya ce akwai alhali ba H. pylori ba ce. Wannan bai cika faruwa ba. Kuma idan lambar ta faɗo dab da layin, misali 3.8 ko 4.3 a inda layin yake 4.0, ni ba na son a yanke hukunci da ita, gara a sake. Masu ƙwayar da gaske lambarsu takan yi sama sosai, ba ta tsayawa a bakin layi. Ka lura kuma ba kowane kamfani ne layinsa 4.0 ba, akwai mai 2.4, don haka kada ka kwatanta lambarka da ta wani sai ka ga abin da ke rubuce a takardarsa.

Maganar ƙwannafi zan bar wa waɗanda suka fi ni sanin jinya, ni tawa ta tsaya a kan jaka da na'ura.

Baba Ritaya ya rubuta:

Ɗana Malamin Lissafi, sannu da jiki. Na yi aikin nas shekara 33 kafin in ajiye, kuma ni kaina na sha wannan kwas ɗin sau biyu, saboda haka bari in sa baki.

Lokacin da muka fara aiki, abin da aka koya mana shi ne damuwa da kuma yawan asid ke kawo olsa. Ba wanda ya yarda wata halitta za ta rayu a tumbi. Wasu likitoci biyu ne a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka tsaya kai da fata. A 1982 suka samu nasarar rainon ƙwayar a ɗakin gwaji, da aka ƙi yarda da su Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ita a 1984, ya kamu da kumburin tumbi. Sai 2005 aka ba su kyautar Nobel. Na kawo wannan ne don Ɗan Auta ya san gwajin nan ba shaci-faɗi ba ne, tun ƙarshen shekarun 1980 ake yinsa.

Zancen sati biyu. Abin da ka ji da ka manta maganin kwana biyu sananne ne: wanda ya jima yana shan omeprazole, idan ya daina, asid yakan dawo da ƙarfi na ɗan lokaci kafin ya daidaita. Ka koma wurin likitan da ya rubuta maka, ka gaya masa kana son a sake gwajin, ka tambaye shi abin da za ka riƙe kanka da shi. Yawanci akan ba da famotidine, wanda hanyar aikinsa daban ce kuma bai cika taɓa sakamakon ba, duk da haka wasu ɗakunan gwajin suna so a dakatar da shi kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Sai kuma farin ruwan nan ko ƙwayar taunawa masu kwantar da asid nan take. Amma ka karanta jikin kwalbar, idan ka ga bismuth a ciki ka ajiye. Kuma kada ka yanke omeprazole da kanka kafin kwana 30 ɗin da ya ce su cika.

Abin da ya sa na ƙi shawarar abokinka: idan har ƙwayar ta tsallake kwas na farko, babban abin zargi shi ne ta saba da clarithromycin. Wannan matsala ta yi yawan da a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa H. pylori mai jure wa clarithromycin a jerin ƙwayoyin cutar da ake buƙatar sababbin magunguna a kansu. Maimaita abin da ya kasa ba zai kashe ta ba, wahala kawai za ka sha. Ni a karo na biyu canza mini aka yi zuwa mai haɗi huɗu, da bismuth a ciki, har bayan gidana ya yi baƙi na tsorata, ashe aikin bismuth ɗin ne. Idan kuwa ta riga ta mutu, ka ga ka sha antibayotik na sati biyu a banza.

Kuma ka shirya wa wannan: za a iya sake gwajin bisa ƙa'ida ya ce babu, ciwon kuma yana nan. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ƙwayar nan, mafi yawansu ba su taɓa jin komai ba. Samunta a cikinka bai tabbatar ita kaɗai ce take tashinka da dare ba. Shi ya sa zan tambaye ka, kana shan maganin ciwon jiki? Ibuprofen, diclofenac, asfirin da danginsu suna cin bangon tumbi ko da ƙwaya ko babu.

Abu na ƙarshe, kuma wannan ba na jira ba ne. Idan ka ga aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta alhali ba ka shan bismuth ko maganin ƙarin jini, ko kana ramewa ba dalili, ko haɗiya tana yi maka wuya, ko amai ya ƙi tsayawa, ka manta da zancen hura jaka. Asibiti za ka nufa a leƙa cikin da na'ura.

Maman Biyu ta rubuta:

Ku yi haƙuri in ɗan tsoma baki da tawa. Ni da aka yi mini bara ba ruwa aka ba ni ba, kafso ne guda ɗaya na haɗiye, bayan minti goma na hura wata balan-balan. Daga baya wata ta ce mini wai akwai tururin nukiliya a cikin kafson. Yanzu ina da juna biyu wata huɗu, kuma ƙwannafi ya dawo. Anti, abin tsoro ne?

Anti Mai Farar Riga ta rubuta:

'Yar'uwa kwantar da hankalinki. Naki mai kabon 14 ne, kuma gaskiya ne yana da ɗan tururi, amma ƙanƙani ne ƙwarai, bai kai abin da kowannenmu yake samu daga ƙasa da sararin sama a yini guda ba, kuma na bara ya daɗe da fita. Duk da haka ga mai ciki da ƙananan yara an fi son mai kabon 13, irin na Malam, don shi babu tururi a cikinsa sam. Sannan ƙwannafi ga mai juna biyu abu ne da aka saba gani ko babu wata ƙwaya. Ki faɗa wa masu awonki, kada ki fara neman gwaji ko magani da kanki.

Ɗan Autan Gida ya rubuta:

To Anti na sauka. Ashe ni ma jinin da aka ɗiba mini sau uku duk sawu ake ta nuna mini.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Baba, tambayarka ta kama ni. Ina da ciwon baya tun da na fara doguwar tsayuwa a aji, kuma diclofenac nake sha, a sati sai in sha sau uku ko huɗu, wani lokacin da dare kafin in kwanta. Ban taɓa faɗa wa likitan ba don bai tambaya ba, ni kuma ban ɗauke shi a bakin komai ba. Yana cikin aljihun jakata yanzu haka.

Na zauna na yi lissafin. Yau kwana 28 da gama antibayotik, wannan sharaɗin ya cika. Omeprazole saura kwana biyu ya kai 30. Idan na ƙara 14 a kai, nan da kwana 16 ke nan zan iya sake hurawa, in dai ban sha wani antibayotik a tsakani ba. Gobe bayan na tashi daga makaranta zan je wurin likitan da takardun biyu, da kwalin diclofenac ɗin, in ji abin da zai ce game da famotidine da kuma bayan nawa.

Anti, ranar gwajin zan iya goge baki in sha ruwa da safe, ko shi ma a bari?

Anti Mai Farar Riga ta rubuta:

Ka goge bakinka, Malam, hakan ma ya fi. Ruwa zalla kaɗan ba ya ɓata komai, amma awannin da ake so ka yi ba ka ci ba sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wani awa ɗaya ne, wani shida. Ka kira su kwana ɗaya kafin ranar ka tambaya. Kuma ka tafi da ledar maganin gaba ɗaya, ko ba su nema ba ka zazzage musu a kan tebur.